Tambayoyi da Amsoshi ga Sabon Edita Mai Son Rubutu kan Sauyin Yanayi a Wikipedia

Wannan shafi na waɗanda suka buɗe asusu a Wikipedia ne, ko suke shirin buɗewa, da niyyar rubutu kan sauyin yanayi. Akwai tambayoyin da sababbi suka fi yi, akwai kuma waɗanda ba sa yi sai bayan an goge musu aiki. Galibin ƙa'idojin sun shafi kowane harshe, amma kowace Wikipedia tana da 'yancin tsara wasu dokokinta, don haka inda doka ta keɓanta da ta Turanci za mu faɗa.

Ban karanci kimiyyar yanayi ba. Zan iya rubutu a wannan fanni?

Za ka iya. Wikipedia ba ta neman takardar shaida a wajen kowa, kuma ko da kai farfesa ne a fannin, ba za a bar jimla a maƙala don kawai kai ka rubuta ta ba. Aikin edita shi ne ya karanta abin da masana suka wallafa, ya fahimce shi, ya faɗe shi da nasa kalmomin, sannan ya nuna wa mai karatu inda zai je ya duba da idonsa. Duk mai haƙurin karanta shafi biyar kafin ya rubuta layi uku ya cancanta.

Abin da ya fi jefa sababbi cikin matsala shi ne kishi. Yawancin masu shigowa wannan fanni sun shigo ne domin abin ya dame su, kuma mu ma ya dame mu. Sai dai damuwa kan sa mutum ya ƙara gishiri: majiya ta ce "mai yiwuwa", edita ya rubuta "tabbas". Jimla ɗaya irin wannan, in mai karatu ya gano ta, takan sa ya daina yarda da sauran maƙalar, har da wuraren da aka yi aiki mai kyau.

Daga ina zan fara?

Buɗe asusu tukuna, ka haɗa shi da adireshin imel domin ka iya dawo da kalmar sirri in ta ɓace maka. Kada ka ɗauki sunan ƙungiya, kamfani ko ma'aikata a matsayin sunan asusu, kuma kada ka yi tarayya da wani a asusu ɗaya. Duka biyun kan jawo toshewa. Ka yi tunani kafin ka sa sunanka na gaskiya, domin kowane gyara yana nan a tarihin shafi, kowa na iya ganinsa bayan shekara da shekaru.

Daga nan ka shiga shafin gwajinka ka koyi abu uku: sa kanun sashe, haɗa kalma da wata maƙala, da saka madogara. In hannunka ya faɗa, sai ka fita zuwa maƙalar da take nan ka yi ƙaramin aiki: ka nemo majiya ga jimlar da ba ta da ita, ka sabunta adadin da ya tsufa, ka sauƙaƙa sakin layin da ya yi nauyi. Kowane gyara ka rubuta masa taƙaitaccen bayani a akwatin da ke fitowa kafin wallafawa, misali "na sabunta adadin 2019 zuwa na 2023 daga rahoton Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya". Ka latsa alamar tauraro domin shafin ya shiga jerin waɗanda kake sa wa ido.

A Wikipedia ta Turanci, sabon asusu ba ya ƙirƙirar maƙala kai tsaye, kuma ba ya taɓa shafukan da aka yi wa kariya, sai ya cika kwana 4 da gyara 10. Wasu shafukan ma sai kwana 30 da gyara 500. Tun bayan hukuncin da kwamitin sasanta rikici na can ya yanke a 2010, ana ɗaukar sauyin yanayi a matsayin batu mai jawo taƙaddama, kuma masu gudanarwa na da ƙarin ikon ladabtar da mai tayar da fitina a kansa. Ƙananan Wikipedia ba su da wannan tsauri, amma ƙarancin masu sa ido na nufin kuskurenka zai iya shekara a shafi ba wanda ya lura. Nauyin ya fi yawa a kanka ke nan.

Ina son ƙirƙirar sabuwar maƙala. Me zan duba?

Ka fara tabbatar da babu ita. Bincika da kalmomi daban-daban, domin wani ya rubuta "sauyin yanayi", wani "canjin yanayi", wani "ɗumamar yanayi". Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe maƙalar a wani harshe, ka duba jerin harsunan da aka haɗa ta da su. In naka na ciki, to akwai ta, sai ka inganta waccan. Maƙala biyu kan batu ɗaya aiki ne da wani zai zo ya haɗe.

Sannan ka tambayi kanka ko batun ya cancanci shafinsa. Ma'aunin shi ne a samu majiyoyi masu zaman kansu fiye da ɗaya da suka yi bayani mai zurfi a kansa, ba ambato kawai ba. Taron dashen itatuwa na rana ɗaya, ko sabuwar ƙungiyar da shafinta kaɗai ke maganarta, ba su kai ba, kuma a kan goge su.

Wace majiya ce abin dogaro?

A saman jeri akwai rahotannin IPCC, kwamitin ƙwararru kan sauyin yanayi da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wato WMO, da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1988. Kwamitin ba ya yin bincike da kansa. Yana tattara dubban binciken da aka riga aka wallafa ne, ya auna su, ya faɗi inda hujja ta yi ƙarfi da inda ta yi rauni. Rahotonsa na shida ya fito kashi-kashi: na kimiyyar yanayi a Agustan 2021, na illoli da shirin jure musu a Fabrairun 2022, na rage hayaƙi a Afrilun 2022, sai dunƙulallen rahoto a Maris 2023. Kowane kashi yana da taƙaitawar da aka yi wa masu tsara manufofi, mai 'yan shafuka, kuma daga nan ya fi dacewa sabon edita ya fara.

Bayan IPCC sai hukumomin da ke auna abin da kansu: WMO, NASA da NOAA na Amurka, Copernicus ta Tarayyar Turai, da Global Carbon Project mai fitar da lissafin hayaƙin duniya duk shekara. Sai maƙalun mujallun kimiyya waɗanda suka yi bitar bincike da yawa a wuri ɗaya. Bincike guda ɗaya, komai sabuntarsa, a yi hattara da shi: zai yiwu wasu su zo su kasa samun sakamakonsa. In ka yi amfani da shi, ka ce "wani bincike na shekara kaza ya gano", kada ka gabatar da shi kamar magana ta ƙare.

Jarida mai mutunci tana da kyau wajen labarin abin da ya faru, kamar ranar taro ko wanda ya sa hannu a yarjejeniya. Wajen adadin kimiyya kuwa, ka bi labarin har zuwa rahoton da aka ɗauko shi, domin kanun labari kan zarce abin da binciken ya ce. Sanarwar manema labarai ta kamfani, saƙon Facebook ko WhatsApp, da ita kanta Wikipedia, ba madogara ba ne.

Ko babbar majiya kan yi kuskure. Rahoton IPCC na 2007 ya ƙunshi jimlar da ke cewa ƙanƙarar tsaunukan Himalaya na iya ɓacewa nan da 2035. An ɗauko maganar ne daga rahoton da bai bi ta tantancewar masana ba, kuma kwamitin ya amince da kuskuren a Janairun 2010. Har yau akan ci karo da wannan adadi a tsofaffin shafuka. Shi ya sa in akwai sabon rahoto, da shi za ka yi aiki.

In mujalla ta nemi kuɗi kafin ka karanta, akwai Wikipedia Library da ke buɗe wa editoci ɗimbin mujallu kyauta, da sharaɗin asusu ya kai wata 6, da gyara 500, da gyara 10 a watan da ya gabata, kuma ba a toshe shi ba.

Ta yaya ake saka madogara?

A VisualEditor, wato manhajar gyara mai nuna shafi yadda mai karatu zai gan shi, ka ajiye alamar rubutu a ƙarshen jimla, bayan aya, ka latsa maɓallin saka madogara, ka liƙa adireshin shafin ko lambar shaidar maƙala, wato DOI, ko ta littafi, wato ISBN. Manhajar za ta cike sunan marubuci, take da kwanan wata da kanta. Kada ka yarda da ita ido rufe. Takan sa sunan shafin intanet a gurbin marubuci, ko ta bar kwanan wata fayau, musamman a fayilolin PDF. Ka duba ka gyara da hannu.

Ka sa lambar shafi ko ta sashe. Kashi na farko na rahoton IPCC na shida ya haura shafi 2,000, don haka cewa "IPCC 2021" kawai bai taimaki kowa ba. Sakin layin taƙaitawar suna da lambobi, kuma adadin ɗumamar duniya, alal misali, yana A.1.2. Ka ajiye kwafin shafin a Wayback Machine, rumbun adana kwafin shafukan intanet, domin hukumomi kan sauya adireshi ko su cire shafuka. In ka sake amfani da majiya ɗaya a wani wuri, ka zaɓi sake amfani da wadda ka riga ka saka, kada ta fito sau biyar a ƙasan maƙala.

Majiyoyi biyu sun ba ni adadi daban-daban na ɗumamar duniya. Wanne ne daidai?

Sau da yawa duka biyun daidai ne, wurin da suka fara awo ne ya bambanta. Kamar mutum biyu ne da suka auna zurfin rijiya, ɗaya daga bakinta, ɗaya daga saman ruwa. IPCC tana kwatanta zafi da matsakaicin shekarun 1850 zuwa 1900. NASA tana amfani da 1951 zuwa 1980. Rahotanni da dama na Copernicus suna amfani da 1991 zuwa 2020, lokacin da duniya ta riga ta ɗumama, don haka adadinsu kan fito ƙarami. Wanda ya jera waɗannan a teburi ɗaya ba tare da bayani ba ya ruɗa mai karatu.

Duba bambancin jimlolin nan biyu. Ta farko: "Zafin duniya ya ƙaru da digiri 1.1." Ta biyu: "A cewar IPCC, matsakaicin zafin doron duniya tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na tsakanin 1850 da 1900 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas." Ta biyun ce ke faɗin wanda ya ce, wane lokaci, idan aka kwatanta da yaushe, da wane ma'auni. Ka kuma lura cewa matsakaici ne na duniya baki ɗaya: a wannan rahoton, tudu ya ɗumama da kimanin digiri 1.59, teku kuma 0.88. Ba za ka ɗauki adadin duniya ka liƙa wa wata ƙasa ba.

Ma'auni ma na da tarkunansa. Ƙarin digiri 1.5 na Salshiyas daidai yake da ƙarin digiri 2.7 na Faranhait, domin bambanci ana ninka shi da 1.8 ne kawai, ba a ƙara 32. Wanda ya zuba 1.5 a manhajar canza ma'auni zai samu 34.7, kuma irin wannan kuskure ya sha fitowa har a jaridu. Tan ɗaya na kabon ba tan ɗaya na kabon dayoksaid ba ne. Ana ninka shi da 3.67. Saboda haka majiyar da ta ce ana fitar da kabon tan biliyan 10 a shekara daga man fetur, kwal da gas, da wadda ta ce kabon dayoksaid kusan tan biliyan 37, magana ɗaya suke yi. In ka ga Gt, tan biliyan ake nufi; Mt kuma tan miliyan. In ka ga CO2e, an haɗa da sauran iskoki bayan an mayar da su kwatankwacin kabon dayoksaid, kuma a nan ma tsawon lokaci na da tasiri: ƙarfin ɗumamawar iskar metan ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 80 a cikin shekara 20, amma kusan sau 27 zuwa 30 a cikin shekara 100. A majiyoyin Faransanci kuma, waƙafi ne ke tsayawa a gurbin ɗigo, wato 1,5 na nufin ɗaya da rabi.

Na karanta cewa 2024 ta haura digiri 1.5. In rubuta cewa an karya iyakar Yarjejeniyar Paris?

A'a. Gaskiya ne WMO ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai, da kimanin digiri 1.55 sama da matsakaicin 1850 zuwa 1900. Amma burin yarjejeniyar da aka amince da ita a Disamban 2015, na tsayar da ɗumama ƙasa sosai da digiri 2 tare da ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5, ana fahimtarsa ne a matsayin matsakaicin dogon lokaci, kamar na shekara 20. Ka rubuta adadin shekarar, ka rubuta wannan bayanin kusa da shi. Haka abin yake ga yanayi gaba ɗaya: zafin mako ɗaya ko sanyin wata ɗaya ba hujja ba ne ta kowane ɓangare, shi ya sa WMO ke ɗaukar shekara 30 wajen fitar da yanayin da wuri ya saba da shi.

Yaya zan rubuta hasashen nan gaba?

Da sharaɗinsa. Hasashen IPCC ya dogara ne da yawan hayaƙin da za a ci gaba da fitarwa, kuma rahoto na shida ya yi amfani da tafarki biyar. A mafi ƙarancin hayaƙi, SSP1-1.9, ƙiyasin ƙarshen ƙarni kimanin digiri 1.4 ne, a matsakaici, SSP2-4.5, digiri 2.7, a mafi yawa, SSP5-8.5, digiri 4.4. Editan da ya rubuta "zafi zai ƙaru da digiri 4.4 nan da 2100" ya ɗauki mafi munin tafarki ya mayar da shi hukunci. Ka ambaci tafarkin, ka ce "idan".

Kalmomin tabbaci na rahoton ma suna da lissafi a bayansu. In ya ce abu mai yiwuwa ne, yana nufin yiwuwar kashi 66 zuwa 100 cikin 100; mai yiwuwa ƙwarai, 90 zuwa 100; kusan tabbas, 99 zuwa 100. Kada ka ɗaga magana daga wani mataki zuwa na sama, kada kuma ka sauke ta. Inda rahoton bai yi kwana-kwana ba, kamar cewarsa babu shakka ayyukan ɗan'adam ne suka ɗumama sararin sama, teku da tudu, kai ma ka faɗa kai tsaye.

An yi ambaliya ko fari a wani wuri. Zan iya cewa sauyin yanayi ne ya jawo?

Sai in majiya abin dogaro ta faɗi hakan game da wannan abin da ya faru takamaimai. In ka ɗauko rahoton da ya ce sauyin yanayi na ƙara ruwan sama mai ƙarfi, ka haɗa shi da labarin wata ambaliya, ka yanke hukuncin da babu ɗayansu da ya yanke, ka yi abin da ake kira binciken kai, kuma haramun ne a Wikipedia ko da hasashenka ya yi daidai.

Akwai masana da aikinsu ke nan, kamar ƙungiyar World Weather Attribution, kuma amsarsu ba kullum take zama ɗaya ba. Game da tsananin zafin da ya afka wa yammacin Kanada da Amurka a Yunin 2021, lokacin da ƙauyen Lytton ya kai digiri 49.6, sun ce da wuya ƙwarai hakan ta faru in ba don sauyin yanayi ba. Game da farin kudancin Madagaska na 2019 zuwa 2021 kuwa, wanda kafafen labarai da yawa suka ɗora wa sauyin yanayi, sun gano rawar da ya taka ba ta da yawa. Sauye-sauyen ruwan sama na ɗabi'a da talauci ne suka fi tasiri. Dole maƙala ta iya ɗaukar amsa ta biyun kamar yadda take ɗaukar ta farko.

Sannan ba kowace matsalar muhalli ce sauyin yanayi ba. Tekun Aral ya ƙafe ne musamman saboda karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa noman auduga tun zamanin Tarayyar Sobiyat. Ramin ozon, wato raguwar iskar da ke tare hasken rana mai cutarwa a can sararin sama, matsala ce dabam, mai yarjejeniyarta ta Montreal ta 1987, kuma ba shi ne ke ɗumama duniya ba. Narkewar ƙanƙarar da ke yawo a kan teku ba ta ƙara tsayin ruwa sosai. Abin da ke ƙara shi shi ne narkewar ƙanƙarar tudu, kamar ta Girinland da Antatika da tsaunuka, da kumburin ruwa idan ya ɗumama.

Tunda ana son adalci, sai in ba masu musanta sauyin yanayi rabin maƙala?

Ba haka ƙa'idar take ba. Ana ba kowane ra'ayi gurbi ne gwargwadon nauyinsa a majiyoyi abin dogaro. Wani bitar maƙalun kimiyya na 2013 ya samu kashi 97 cikin 100 na waɗanda suka bayyana matsaya sun yarda ɗan'adam ne ke jawo ɗumamar, wani na 2021 kuma ya samu sama da kashi 99. Raba shafi biyu a nan yaudarar mai karatu ne.

Inda ake da saɓani na gaske shi ne kan abin yi: makamashin nukiliya, harajin kabon, kasuwar kabon, wa zai biya kuɗin asara. A nan ka kawo ɓangarori, kowanne da sunan mai faɗinsa. Ka cire "dole ne gwamnatoci su", "abin takaici", "ya kamata mu". Adadin da aka rubuta daidai ba ya buƙatar a yi masa kuka.

Wace ƙasa zan ce ta fi fitar da hayaƙi?

Ya danganta da ma'auni. A lissafin shekara-shekara, Sin ce kan gaba. A jimillar tarihi, Amurka ce. A lissafin kowane mutum ɗaya, ƙananan ƙasashe masu arzikin mai da gas irin su Katar ne ke sama. Ka faɗi ma'aunin da shekarar, ka kuma duba ko an haɗa da sare dazuzzuka, domin hakan kan sauya jerin.

Rahoton kyauta ne a intanet. Me zai hana in kwafa?

Samun damar karantawa kyauta dabam, izinin sake wallafawa dabam. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA 4.0, wanda ya ba kowa damar kwafa, sauyawa, har da sayarwa, don haka ba a karɓar abin da mai shi bai ba da wannan izini ba. Rahotannin IPCC da zane-zanensu suna da haƙƙin mallaka. Sauya kalma biyu-uku a jimla bai fitar da kai ba, fassara ta kalma da kalma ma haka. Dabarar ita ce ka karanta, ka rufe, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka buɗe ka tabbatar da adadin.

Hotuna kuwa a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, ake ɗora su, kuma ba a karɓar lasisin da ya hana kasuwanci ko ya hana sauyawa. Galibin ayyukan NASA da NOAA mallakar jama'a ne, kasancewarsu na gwamnatin tarayyar Amurka. Jadawalin da cibiyar tattara alƙaluma ta Our World in Data ta zana da kanta yana ƙarƙashin CC BY, haka ma zanen ratsin ɗumama da Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya fitar a 2018. In kai ka ɗauki hoto, ka rubuta wuri da kwanan wata, ka kwatanta abin da ke ciki: "busasshen kogi a watan kaza". Kada ka ƙara "sakamakon sauyin yanayi" sai da majiya.

Zan iya fassaro maƙala daga wani harshe? Injin fassara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira fa?

Fassara halas ce, kuma hanya ce mai kyau ta cike giɓi, da sharaɗin ka ambaci maƙalar asali a taƙaitaccen bayanin gyara. Manhajar fassara ta Wikipedia tana yin hakan da kanta. Ka zaɓi maƙala mai inganci, ka buɗe madogaranta ka gani ko sun faɗi abin da aka jingina musu, domin kuskuren asali na bin fassara. Ba dole ka fassara duka ba. Gabatarwa da sashe biyu da aka fahimta sun fi shafi ashirin da ba sa karantuwa.

Abin da inji ya fitar daftari ne. Yakan haɗiye "ba", ya mayar da miliyan biliyan, ya cakuɗa rage fitar da hayaƙi da shirin jure wa illa, alhali fannoni biyu ne daban. Manhajar kan yi gargaɗi, wani lokaci ta hana wallafawa, in ka bar rubutun inji yadda yake. Ka karanta kowace jimla da babbar murya. Wadda ba za ka iya faɗa wa mutum baki da baki ba, ka sake ta. Kalmar kimiyya kuma ka bayyana ta a karon farko, sannan ka tsaya a kanta har ƙarshen maƙala.

Manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira sukan ƙirƙiro madogarar da babu ita, da sunan marubuci da lambar DOI masu kama da na gaske. Duk madogarar da ba ka buɗe ka karanta ba, kada ta shiga shafi da sunanka.

Ina aiki da ƙungiyar kare muhalli. Akwai matsala?

Kana iya gyara maƙalun kimiyya da na manufofi, amma ka guji rubuta maƙalar ƙungiyarku ko ta shugabanta, da cusa rahotanninku a ko'ina. In kana ganin akwai abin gyara a can, ka kai shawara shafin tattaunawa, wani ya duba. In ana biyanka domin gyaran, ko yana cikin aikinka na ofis, sharuɗɗan amfani na Gidauniyar Wikimedia tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ya ɗauke ka aiki da wanda ake yi wa aikin, a shafinka, ko shafin tattaunawa, ko taƙaitaccen bayanin gyara.

An goge gyaran da na yi. Me zan yi?

Kada ka mayar da shi nan take. Buɗe tarihin shafi ka karanta dalilin da aka rubuta. Galibi ɗaya ne daga cikin huɗu: babu madogara, madogarar ba ta faɗi hakan ba, an kwafa, ko salon ya zama na fafutuka. Aikinka bai ɓace ba, yana nan a tarihi. In ba ka gamsu ba, ka je shafin tattaunawar maƙalar, ka ambaci sunan editan domin saƙo ya kai gare shi, ka kawo majiya da lambar shafi, ka yi magana kan jimlar, ba kan mutumin ba. A yanayin rubutun lamba, wato inda ake rubutu da alamomin Wikipedia kai tsaye, ana sa hannu da alamar ~~~~ a ƙarshen saƙo. Ka ba shi kwana biyu ko uku, domin shi ma ɗan sa-kai ne.

A Wikipedia ta Turanci, mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24 kan jawo toshewa, kuma ana iya toshe mutum tun bai kai haka ba in an ga jayayya yake yi. Buɗe asusu na biyu domin mara wa kai baya ya fi wannan muni. In magana ta cije, ka nemi ra'ayin wasu editoci a dandalin al'ummar Wikipedia ɗinku, ko a WikiProject Climate change in da Turanci kake aiki.

Adadin wannan fanni na sauyawa duk shekara. Ta yaya maƙala ba za ta tsufa ba?

Ka daina rubuta "bana", "kwanan nan" da "a halin yanzu". Ka sa shekara. Ɗauki yawan kabon dayoksaid a sararin sama: kafin zamanin masana'antu kimanin ppm 280 ne, wato kashi 280 cikin miliyan, lokacin da Charles David Keeling ya fara aunawa a Mauna Loa da ke Hawai a 1958 kimanin 315 ne, a Mayun 2013 awon rana ɗaya ya taɓa 400 a can, a 2024 ya haura 420. Jimlar da ta ce "yanzu ya kai 400" ta zama kuskure, amma wadda ta ce "a 2013 ya kai 400" tana nan daram.

Ka san lokutan fitar sababbin alƙaluma. A watan Janairu ne WMO, NASA, NOAA da Copernicus kan sanar da zafin shekarar da ta wuce. Lissafin hayaƙi na Global Carbon Project kan fito ne a ƙarshen shekara, daidai lokacin babban taron yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato COP. Ƙasashe kuma na sabunta alƙawuransu na Yarjejeniyar Paris duk shekara 5. In za ka sabunta adadi, ka sauya abu uku tare: adadin, shekarar, da madogarar. Sabon adadi a kan tsohuwar madogara kuskure ne mai wuyar ganowa, domin daga nesa jimlar kamar lafiya take. Daga nan ka bi gabatarwar maƙalar, akwatin bayanai na gefe, da rubutun ƙasan hotuna, saboda adadi ɗaya kan fito a wuri uku ko huɗu.